Bitrus Mai Girma: Sarkin Rasha da ya koyi kafinta, ya gina ƙasa da bulala

A watan Agustan 1697 wani dogon baƙo ya sauka a Zaandam, ƙaramin gari a ƙasar Holan da ya yi suna wajen ƙera jiragen ruwa. Ya kama haya a gidan katako na wani maƙeri, ya sayi kayan aikin kafinta, ya shiga cikin ma'aikata da sunan Pyotr Mikhailov. To amma mutumin da tsayinsa ya kai mita biyu ina zai ɓuya? Kafin mako ya zagayo, labari ya game gari cewa wannan kafinta Sarkin Rasha ne da kansa. Yara da manya suka riƙa binsa duk inda ya sa ƙafa, ba shiri ya tattara ya koma Amsterdam, inda aka ba shi wurin aiki mai katanga. Shekarunsa 25 a lokacin.

Wannan shi ne Bitrus na Ɗaya, wanda tarihi ya sani da Bitrus Mai Girma. Ya tarar da Rasha ƙasa mai faɗi wadda Turai ba ta cika sa ta a lissafi ba, ya bar ta daula mai sojan ƙasa da na ruwa da ake shakka. Sai dai kusan duk abin da ya gina da tilas ya gina shi, kuma talaka ne ya biya da guminsa da ransa. Wanda ya kalli gefe ɗaya kawai bai san mutumin ba.

Yaron da ya ga jini a fada

An haife shi a Mosko ranar 9 ga Yunin 1672. Mahaifinsa Sarki Alexei ya yi aure sau biyu, Bitrus kuwa ɗan matar baya ne, Natalya Naryshkina. Mai karatu ya san abin da 'yan'ubanci ke haifarwa a gidan sarauta. Uban ya rasu a 1676, babban wa Fyodor ya gaje shi, shi ma ya rasu a 1682 bai bar magaji ba. Saura biyu: Ivan ɗan uwargida, mai yawan laulayi da raunin gani, da Bitrus ɗan shekara goma mai ƙoshin lafiya.

Da aka zaɓi Bitrus, dangin uwargida suka zuga 'yan bindigar fada da ake kira Streltsy. Suka kutsa fadar Kremlin, suka yi kwanaki suna kashe dangin mahaifiyarsa da magoya bayansu, wasu ma a kan idon yaron. Daga ƙarshe aka yi abin da ba a saba gani ba, aka naɗa sarakuna biyu lokaci guda, yayarsu Sofiya ta zama mai riƙo. Har yau kujerar mulkin mai mazauni biyu tana nan a Kremlin, da 'yar taga a bayanta ta inda ake raɗa wa yaran abin da za su faɗa wa baƙi.

Tun daga nan Bitrus ya ƙi jinin tsohuwar fada da 'yan bindigarta. Ya girma a ƙauyen Preobrazhenskoye a wajen gari, inda ya tara samari yana wasan soja da su. Wasa-wasa sai ga igwa ta gaske da atisaye na gaske, har waɗannan samari suka zama rundunoni biyu da suka tsare masa gadon sarauta. Kusa da ƙauyen akwai unguwar baƙi Turawa, zangonsu ke nan, can ya riƙa zuwa yana tambaya. Wani mutumin Holan, Franz Timmerman, ya koya masa lissafi da awo. A 1688 ya tsinci wani tsohon kwalekwale a wani ɗakin ajiya, aka gaya masa irin wannan yana iya tafiya ko da iska na busowa daga gaba. Ya sa aka gyara masa. Daga ranar son jirgin ruwa ya shiga ransa bai sake fita ba.

A 1689 Sofiya ta nemi riƙe mulki, sojoji suka koma bayan Bitrus, aka tsare ta a gidan mata masu zaman ibada. Da mahaifiyarsa ta rasu a 1694, Ivan kuma a 1696, mulki ya zama nasa shi kaɗai.

Ƙasa babu ƙofar teku

Matsalar Rasha a lokacin a fili take. Duk girmanta, tashar teku ɗaya take da ita, Arkhangelsk a can arewa, wadda ƙanƙara ke toshewa kusan rabin shekara. Tekun Baltik yana hannun Suwidin. Bahar Aswad kuma yana hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya da Tatar na Kirimiya.

Ya fara da kudu. A 1695 ya kai hari sansanin Turkawa na Azov a bakin kogin Don, ya sha kaye, domin Turkawa na shigo da abinci da makamai ta ruwa shi kuwa ba shi da jirgi ko ɗaya. Ya koma garin Voronezh, aka kwashe lokacin sanyi ana sassaƙa jirage, shi ma da gatari a hannu. Shekara na zagayowa ya dawo ya toshe bakin kogin, Azov ta faɗi. Halinsa ke nan har ya mutu: idan ya faɗi, sai ya duba abin da ya kayar da shi, ya je ya koyo.

Tafiyar neman sani

Wannan hali ne ya fitar da shi Turai a 1697 cikin tawagar mutum kusan 250, abin da babu wani sarkin Mosko da ya taɓa yi. A Amsterdam ya yi wata huɗu yana aiki har aka gama jirgi sukutum, ya karɓi takardar shaidar ƙwarewa. Ya ga cewa masassaƙan Holan da ido da sabo suke aiki, shi kuwa lissafin abin yake so, sai ya haye Ingila a farkon 1698, ya zauna a Deptford kusa da Landan. Ya ziyarci gidan buga kuɗi, da ma'ajiyar makamai, da wurin duba taurari na Greenwich. Ya koyi cire haƙori ma, fadawansa suka shiga uku da shi daga baya.

Ba a nan kawai aka san shi ba. Mashayi ne na gaske, kuma mai zafin rai. Gidan da aka sauke shi a Deptford, na wani marubuci John Evelyn, shi da mutanensa sun farfasa tagogi, sun ƙona kujeru, sun riƙa tura juna a baro suna ratsa shingen lambu. Sai da gwamnatin Ingila ta biya diyyar fam 350.

Abin da ya je nema a siyasance, wato haɗa kan Turai a yaƙi Turkawa, bai samu ba. Amma ya ɗebo ɗaruruwan ƙwararru: matuƙa jirgi, injiniyoyi, likitoci da malaman lissafi.

Almakashi da gatari

Yana birnin Biyana labari ya iske shi cewa Streltsy sun sake tawaye. Kafin ya iso an murƙushe su, amma hakan bai ishe shi ba. Aka yi makonni ana gana musu azaba, aka kashe fiye da dubu, aka rataye wasu a bakin tagar ɗakin Sofiya. Matarsa ta fari, Evdokiya, wadda mahaifiyarsa ta zaɓa masa, ita ma ya tura ta gidan zaman ibada ba da son ranta ba.

Washegarin dawowarsa manyan fadawa suka zo gaisuwa, sai ya ɗauko almakashi ya hau yanke musu gemu. Ga Barashe na wancan zamani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin Cocin Orthodox tana ɗaukar gemu a matsayin addini, aske shi kuma zunubi. Daga baya ya sa haraji: attajiri mai son gemunsa ya biya rubul 100 a shekara, a ba shi ɗan kwabon tagulla ya riƙa yawo da shi a matsayin rasit. Baƙauye kuwa yakan biya duk lokacin da zai shiga birni. Dogon kaftani mai zurara hannu shi ma aka hana a birane, aka ce sai tufafin Turawa.

Ya taɓa kalanda. Rashawa suna lissafin shekara ne daga halittar duniya bisa ƙidayar cocinsu, suna shiga sabuwar shekara a watan Satumba. Ya ba da umarni, suna cikin shekarar 7208 suka wayi gari a 1 ga Janairun 1700. Masu tsohuwar aƙida da yawa suka tabbatar a ransu cewa wannan sarki shi ne Dujal.

Yaƙin shekara 21

A 1700 ya juya arewa ya faɗa wa Suwidin. Sarkinta Charles na 12, saurayi ɗan shekara 18, ya iske sojojin Rasha a Narva. Sun ninka nasa sau uku ko fiye, amma ya tarwatsa su cikin guguwar ƙanƙara, ya kwashe igwoyinsu kaf. Turai ta yi ta dariya.

Charles ya raina Rasha, ya wuce Polan ya ɓata shekaru a can. Bitrus kuwa ya sa aka sauko da ƙararrawar coci-coci aka narke aka zuba sababbin igwoyi. Aka buɗe masana'antun ƙarfe a duwatsun Ural, inda wani maƙerin bindiga daga Tula, Nikita Demidov, ya zama hamshaƙin attajiri. Daga 1705 aka fara ɗibar soja ta dole, mutum ɗaya daga kowane gida ashirin, kuma wanda aka ɗauka ya tafi ke nan har tsufa ko mutuwa.

A 1709 Charles ya shigo ta Yukren da sojojin da sanyi da yunwa suka riga suka cinye. A Poltava Bitrus ya gama da su, Charles ya tsere ƙasar Turkawa. Amma nasara ta so ta ruɗe shi. A 1711 ya shiga yaƙi da Daular Usmaniyya, waziri Baltaci Mehmet Pasha ya yi masa ƙawanya a bakin kogin Prut, ba abinci, ba mafita. Da ƙyar ya sha, bayan ya amince ya mayar da Azov da ya sha wahala a kanta. Yaƙin Suwidin ya ci gaba har 1721, lokacin da yarjejeniyar Nystad ta ba Rasha gaɓar Baltik, har da yankunan da a yau suke Estoniya da wani ɓangare na Latbiya. A shekarar ne aka ba shi laƙabin Mai Girma, Rasha kuma ta fara amsa sunan daula.

Birni a cikin fadama

Tun yaƙi bai ƙare ba, a watan Mayun 1703, ya aza harsashin sabon birni a bakin kogin Neva, a ƙasar da ya ƙwato daga Suwidin. Ya sa masa suna St. Petersburg, sunan Bitrus almajirin Annabi Isa (AS). Wurin fadama ne, ga ambaliya, ga sauro, ga sanyi. Kowace shekara ana koro dubban manoma daga larduna su yi aikin dole, suna kafa turaku a cikin taɓo. Dubbai sun mutu da zawo da yunwa da sanyi, shi ya sa Rashawa ke cewa a kan ƙasusuwa aka gina birnin.

Da dutse ya yi ƙaranci, a 1714 ya hana yin ginin dutse a ko'ina a Rasha sai a nan, don magina su rasa aiki su taho. Duk jirgi ko keken doki da zai shiga garin sai ya zo da duwatsu. Manyan gidaje aka tilasta musu barin Mosko su zo su yi gini da kuɗinsu. Wajen 1712 fada ta tare, birnin ya zama hedikwatar ƙasa har zuwa 1918.

Sabon tsarin mulki

Yaƙi ne ya ja yawancin gyare-gyarensa, domin soja na bukatar kuɗi, kuɗi kuma na bukatar ma'aikata masu iya rubutu da lissafi. A 1701 ya buɗe makarantar lissafi da tuƙin jirgi a Mosko. Jaridar farko ta ƙasar, Vedomosti, ta fara fitowa a farkon mulkinsa na yaƙi, wajen 1703. Ya sauƙaƙa haruffan rubutu, aka kuma koma amfani da alƙaluman lissafi irin waɗanda muke amfani da su a yau. A 1708 ya raba ƙasa larduna takwas, a 1711 ya kafa majalisar dattawa, daga baya ya kafa ma'aikatu irin na Suwidin, kowace da aikinta. A 1718 ya ba da umarnin a riƙa taron liyafa inda matan manya, waɗanda a da suke cikin kulle, za su fito su zauna da maza.

Coci ma bai bar ta ba. Da babban limaminta Adrian ya rasu a 1700, ya ƙi bari a naɗa wani. A 1721 ya soke kujerar gaba ɗaya, ya maye gurbinta da majalisar da ke ƙarƙashin gwamnati.

Wanda ya fi daɗewa cikin ayyukansa shi ne jadawalin muƙamai na 1722. Ya kasa aikin soja da na gwamnati da na fada zuwa matakai 14, kowa ya fara daga ƙasa. Ɗan talaka da ya kai wani mataki yana zama ɗan sarauta, 'ya'yansa su gada. Babban na hannun damansa, Alexander Menshikov, ba ɗan kowa ba ne. Matarsa ta biyu ma, Katarina, baiwa ce da aka kamo a yaƙi. Wannan jadawali ya rayu har juyin juya halin 1917.

Wa ya biya?

Mafi yawan Rashawa manoma ne da doka ta ɗaure su a gandun iyayengijinsu, ba su da ikon tashi. Bitrus bai sassauta musu ba, ƙara ɗaure su ya yi. Aka sa haraji a kan gidan wanka, da amyar zuma, da akwatin gawa, gishiri kuma ya koma hannun gwamnati. Da ya ga mutane na cunkushewa gida ɗaya don kauce wa harajin gida, sai ya sa aka ƙidaya maza, aka koma karɓar haraji a kan kowane namiji, jariri da tsoho. A 1721 ya ba masu masana'antu izinin sayen ƙauyuka da mutanen cikinsu. A 1724 ya wajabta wa manomi riƙe takardar izini kafin ya yi nisa da ƙauyensu.

Mutane ba su yi shiru ba. An yi tawaye a Astrakhan a 1705, an yi na Kondraty Bulavin a yankin Don a 1707, duk aka murƙushe su da jini. Abin da ya biyo baya shi ne ƙasa ta rabu biyu: 'yan tsiraru a sama masu shigar Turawa da harsunan Turai, da miliyoyi a ƙasa da ba su ga komai a sabon zamanin ba sai mai karɓar haraji da mai ɗibar soja.

Musulmin daularsa, da yaro daga Afirka

Akwai Musulmi masu yawa a ƙarƙashinsa, Tatar na Kazan da Bashkir da sauransu, su ma sun ga fuskokinsa biyu. A zamaninsa ne, a 1716, aka fara buga fassarar Alƙur'ani da harshen Rashanci, daga wata fassarar Faransanci. A 1722, kan hanyarsa ta yaƙin Farisa inda ya kama Derbent, ya tsaya a kufan Bolgar, tsohon birnin Musulunci a bakin kogin Volga, ya ba da umarnin a kula da gine-ginen. Amma shi ɗin ne a 1713 ya ba Musulmi masu gandu da ke da manoma Kirista wa'adin wata shida, ko su yi baftisma ko a ƙwace musu gandun. Sababbin haraji sun tunzura Bashkir suka yi tawaye daga 1704 zuwa 1711. Tatar da yawa kuma aka ɗora musu aikin saro itatuwan ƙera jirage.

Labarinsa ya taɓo nahiyarmu ta wata hanya. Wajen 1704 aka kawo masa wani yaro baƙar fata daga Santambul. Ya zama ubangidansa, ya tura shi Faransa ya koyi injiniyancin soja. Yaron, Abram Gannibal, ya kai muƙamin janar, kuma babban marubucin Rasha Alexander Pushkin tattaɓa-kunnensa ne. Gannibal da kansa ya rubuta cewa garinsu Lagon ne. Masanin tarihi ɗan ƙasar Benin, Dieudonné Gnammankou, ya kawo hujjoji cewa garin shi ne Logone-Birni na ƙasar Kotoko, a arewa mai nisa ta Kamaru, kan iyaka da Chadi.

Uba da ɗa

Tilas ɗin da ya yi wa ƙasa sai da ta shigo masa gida. Babban ɗansa Alexei, ɗan matar da ya kora, ya tashi yana tsoron uban, ba ya son soja, ya fi sakewa da limaman coci. Duk masu jin haushin sabon tsari suka sa ido a kansa suna jiran ranar da zai hau. Uban ya ba shi zaɓi, ko ya gyara ko ya shiga gidan zaman ibada. A 1716 Alexei ya gudu Biyana, daga can aka ɓoye shi a Naples ta Italiya.

Aka bi shi da alkawarin afuwa, ya dawo a farkon 1718, ya sauka daga gadon magaji. Duk da haka aka shiga bincike, aka kashe abokansa, shi ma aka yi masa bulala har ya amsa abin da ake so ya amsa. Kotu ta yanke masa hukuncin kisa, kafin a zartar ya mutu a kurkuku yana da shekara 28. Washegari aka yi bikin tunawa da nasarar Poltava kamar ba abin da ya faru. Ƙaramin ɗan da Katarina ta haifa masa, wanda ya sa rai zai gaje shi, ya rasu a 1719 yana da shekara uku.

A 1722 Bitrus ya yi doka cewa sarki ne zai zaɓi magajinsa da kansa. Ciwon mafitsara ya kwantar da shi, ya rasu ranar 8 ga Fabrairun 1725 yana da shekara 52, bai zaɓi kowa ba. Menshikov da rundunonin nan biyu na wasan yarinta suka ɗora Katarina a kan mulki, daga nan aka shiga shekaru kusan arba'in dogaran fada na naɗa wanda suke so suna tuɓe wanda ba sa so.

Har yau Rashawa ba su gama muhawara a kansa ba. Wasu na ganin in ba don shi ba da maƙwabta sun yi wa ƙasar ɗauki ɗai-ɗai. Wasu na ganin ya yanke ta daga tushenta, ya koya wa masu mulkinta cewa ci gaba abu ne da ake saukarwa daga sama da bulala. Kowane ɓangare yana da abin nunawa. Cibiyar kimiyyar da ya ba da umarnin kafawa a 1724 tana nan tana aiki. Birninsa ya zama Petrograd, ya zama Leningrad, a 1991 ya koma sunansa na asali. Tsohon kwalekwalen nan ma yana ajiye a gidan tarihin sojan ruwa. Manoman da suka kafa turakun birnin kuwa, zuri'arsu ba ta samu 'yanci ba sai a 1861, shekara 136 bayan rasuwarsa.